Bashi Hanji Ne, To Me Ya Kawo 'Yan Sanda Ciki?

Yau na ajiye labarin soyayya gefe, domin akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Daga kasuwar Samaru zuwa ta Sabon Gari, ba wanda zai rantse ba a bin sa ko sisi: mai shago ya karɓi kaya a hannun dila, uwa ta ci bashin kayan ɗakin 'yarta, ma'aikacin jami'a ya cinye albashin watan gobe tun yau. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda muka mayar da wanda ya kasa biya tamkar ɓarawon akuya.

Tambayar da aka fi yi ita ce, za a iya kulle ni saboda bashi? Doka ta ce a'a. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, haka ma sashe na 8 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015. Dokokin nan sun kuma hana kama wani a madadin wani, wato ba a tafiya da mata don mijinta ya ɓuya. Caji ofis ba wurin karɓar bashi ba ne, kotu ce wurinsa. Amma a lura, wanda ya karɓi kuɗi da ƙarya, ko ya ba da cakin banki alhali ya san asusunsa wayam, wannan laifi ne, dokar 1977 ta tanadar wa mai cakin bogi ɗaurin shekara 2.

Sai masu ba da rance ta waya. Yarinya ta karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kwana kaɗan sai saƙo ya isa ga surukarta da malaminta na Islamiyya cewa ita 'yar damfara ce. Wannan ta'addanci ne, kuma hukuma ta san da shi. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 kan keta sirrin masu karɓar rance. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin irin waɗannan kamfanoni a Legas, a 2023 kuma Google ta hana manhajojin rance leƙa lambobi da hotunan da ke cikin waya. Duk wanda aka tozarta yana da damar kai ƙara FCCPC. Sai dai kada wani ya ɗauka canza banki zai cece shi. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna izinin bin BVN su cire bashinsu daga asusunka na wani bankin, in ka sa hannu a kan hakan lokacin karɓar rancen.

To wanda ya karye ƙarƙaf fa, ina zai dosa? Nan ne raina ya fi ɓaci. Muna da Dokar Karayar Arziki tun 1979. A ƙarƙashinta kotu na tattara abin da mutum ya mallaka, a raba wa masu binsa, daga baya a sallame shi ya sake sabon lale. Amma Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke jin irin wannan ƙara. Mai sayar da atamfa a Sabon Gari da ba ta da kuɗin motar Kaduna, da me za ta ɗauki lauya? Tsufan dokar ma ya isa abin dariya, har yanzu tana maganar bashin naira 2,000, kuɗin da yau ba zai sayi kwanon shinkafa ba. A 2020 an sabunta dokar kamfanoni, aka buɗe wa kamfanin da ya durƙushe hanyar sasantawa da masu binsa. Talaka kuwa an bar shi da tsohuwar dokar zamanin soja. A Ingila yawanci bayan shekara 1 ake sallamar wanda ya karye. Mu nan sai dai hawan jini ya sallame shi.

Na san wani zai ce, Hajiya, kina ɗaure wa 'yan taurin bashi gindi. Ko kusa. Mai hali da ke ja wa mai haƙƙi rai azzalumi ne, kuma ko ya mutu sai an fitar da bashi kafin a raba gado. Wanda ya ba da bashin ma sau da yawa talaka ne, jarinsa ke nan. Amma addininmu ya bambance mai taurin kai da wanda ba shi da shi. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci a saurara wa mai ƙunci har ya samu, aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa waɗanda bashi ya danne cikin masu cin zakka. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zazzau suna da babi guda kan wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa: alƙali ya sayar da kayansa, ya raba gwargwadon abin da kowa ke bi, ya bar masa tufafi da abin da iyalinsa za su ci. Ina maganar tsirara mutum a kasuwa a nan?

Don haka kira nake. Masu fitar da zakka a Samaru da Sabon Gari, ku riƙa tuna maƙwabcin da bashi ya hana barci. Shugabannin kasuwa, ku zaunar da mutane a yanka biya kaɗan-kaɗan kafin a kira ɗan sanda. Duk wanda zai ba da bashi ko zai karɓa, a rubuta da shaidu kamar yadda aya ta 282 ta koyar, ko da tsakanin wa da ƙani ne. Iyaye mata, gadon da za a yi shekara uku ana biya ba shi ke zaunar da aure ba. 'Yan majalisarmu kuma, tsarin mulki ya hana wanda kotu ta ayyana a matsayin karyayye zama a kujerarku, ashe kun san da dokar. Ku gyara ta yadda ƙaramar kotu a Zariya za ta iya sauraron mai ƙaramin bashi.

Allah Ya biya wa kowa bashinsa, Ya rufa mana asiri. Mu haɗu a babi na gaba in Allah Ya kai mu.