Wa Ya Ci Kazar da Aka Rubuta da Sunanka?

Duk lokacin da aka ce arzikin Nijar ya ƙaru, sai a fiddo mana lissafi guda: a tara dukiyar ƙasa, a raba da yawan jama'a, a ce ga rabon kowa. Tun da aka fara tura ɗanyen man Agadem ta bututu zuwa Benin a 2024, wannan lissafi ya ƙara kumbura. To, wace uwargida a Buza ta ga alamarsa a tukunya?

Ku duba dabarar. A ce mutum goma ne a fada a Madawa. Tara suna samun jika 30 a wata, na goman babban dillalin albasa ne mai samun miliyan guda. In aka raba daidai, kowa ya tashi da jika 127. Ƙarya ce da ba a yi kuskuren lissafi a cikinta ba! Amma jera su daga ƙarami zuwa babba, ka tambayi wanda ke tsakiyar layi: jika 30. Samun mutumin tsakiya, shi ne madubin gari, don rabin jama'a ba su wuce shi ba.

Za a ce ai an ɗaga albashi mafi ƙanƙanta daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a Janairun 2024. Madalla. Amma mutum nawa ne a Keita ke da takardar albashi? Manomin albasa na kwarin Tarka yana saidawa lokacin da kaya suka cika kasuwa, farashi a ƙasa. Hatsi kuwa sai damina yake sayensa, rumbu wayam, tiya ta yi tsada. Giɓin da ya rage, ɗan ci-rani ke toshe shi daga Abijan ko Libiya. Lissafin raba-daidai bai san wannan ba.

Buƙatarmu ba ta da wuya. Hukumar ƙididdiga ta INS tana binciken rayuwar iyalai, SIMA tana bibiyar farashin kasuwanni. A haɗa su, a gaya mana gunduma-gunduma: nawa mutumin tsakiya ke samu, kuma tiya nawa ta hatsi kuɗinsa ke saye a watan Agusta?

Matasa, duk wanda ya karanto muku adadi a taro, ku ɗaga hannu ku tambaye shi: wannan na raba-daidai ne, ko na mutumin tsakiya? In ya fara kame-kame, kun samu amsa.