Batirin jabu tauye mudu ne

Ya ku 'yan'uwa mazauna zango, kakanninmu da suka zo ƙasar Asante fataucin goro ba su da jarin da ya fi amana. Da ita aka ba su masauki, da ita kuma muke zaune har yau a Aboabo da Asawase da Nima. Saboda haka ba za mu kame baki ba a kan wani ciniki da wasu 'ya'yanmu suka tsunduma a ciki, wato sayar da baturan jabu na injinan aiki marasa waya.

Kafinta da mai rufin kwano da makanike sun rungumi injin huda da zarto masu batir, domin ɗaukewar wuta ba ta tsayar musu da aiki. Amma batir yana tsufa kafin inji, na asali kuma tsada gare shi, sai a shiga neman madadi. Ta nan algus ya sami ƙofa.

Ga abin da ke cikin kwanson. Batir mai bolt 18 ƙwayoyin litiyom biyar ne a jere, kowace bolt 3.6. Wadda aka fi amfani da ita ana kiranta 18650: kaurinta milimita 18, tsawonta 65, nauyinta wajen giram 45, akasarinta kuma ba ta wuce Ah 3.5 ba, wato ma'aunin cajin da take riƙewa. Ke nan siririn batir mai irin ƙwayar nan guda biyar ba zai ɗauki Ah 6 ba, ko da ruwan zinariya aka rubuta lambar. Na Ah 5 na gaskiya ƙwaya goma ne jeri biyu, nauyinsa ya haura rabin kilo. Wanda ya rubuta shida ya ba da biyu, me ya raba shi da mai awon gero da lotsattsen mudu?

Asarar kuɗi ma ita ce mai sauƙi. Wasu ƙwayoyin daga tsofaffin kwamfutoci ake ciro su, waɗanda aka yi domin shan wuta a hankali, alhali zarto kan ja ampiya 20 ko fiye idan ya kama katako mai tauri. Sai ƙwaya ta ɗau zafi. Idan kuma an yi rowar ɗan allon da ke yanke caji in zafi ya yi yawa, ƙwaya ɗaya tana kamawa za ta kunna maƙwabciyarta. Ku dubi shagon kafinta cike da garin katako, ku dubi gidajenmu da ke manne da juna a lungunan da motar kashe gobara ba ta shiga.

Mun ji hujjar masu sayarwa: wai talaka ba shi da kuɗin na asali. Gaskiya ne, kuma manyan kamfanoni suna da nasu kason, tun da batirin Makita ba ya shiga injin DeWalt, na DeWalt ba ya shiga na Bosch, kowa ya ɗaure mai saye da igiyarsa. Don haka ba mu ƙi madadi ba. Ba mu ƙi yaron da ya iya buɗe batir ya zuba masa sababbin ƙwayoyi masu kyau ba; wannan sana'a ce, Allah ya yi mata albarka. Ƙaryar lamba muka ƙi. Talakan da ya sayi jabu sau uku ya biya kuɗin gangariya bai same ta ba, araha kuwa ba ta ado.

Abin da muke nema kaɗan ne. Mai sayarwa ya faɗi ƙwaya nawa ce a ciki, sabuwa ce ko tsohuwa, ya kuma yarda a mayar masa da kaya idan sun saɓa wa lamba. Mai saye ya ɗora batir a sikeli kafin ya biya. Kada a bar shi a caja a tafi barci, wanda ya kumbura kuma a daina aiki da shi. Shugabannin sana'a su tsawata wa nasu tun magana tana cikin gida, domin idan aka cuci baƙo a shagon mutum ɗaya, ba sunan mai shagon zai riƙe ba, cewa zai yi 'yan zango ne suka cuce shi.