Kuɗin Haƙar Harsashin Gini: A Auna Rami Kafin a Rufe Shi



A zauren mahaifinmu a Damagaram mun sha ganin ana sasanta mai gida da magini, kuma sau da yawa rigimar daga ƙasa take farawa: kuɗin haƙar harsashi da na kwashe ƙasar da aka haƙo.

Ba mu manta da wani dattijo da ya tara kuɗin sallamarsa daga aiki domin ya gina wa iyalinsa matsuguni. Da baki suka yi ciniki da magini a kan kuɗi dunƙule. Da haƙa ta yi nisa sai aka ci karo da dutse, abin da ba baƙo ba ne a Damagaram. Magini ya ƙaro leburori, daga baya ya nemi ninkin abin da aka shirya, ya ce mota ta yi sawu goma sha biyu. Dattijo ya ce bakwai ya gani. An riga an zuba kankare, babu mai iya auna ramin. Aiki ya tsaya har damina ta sauka, buhunan siminti suka daskare, mutum biyu da ke salla a sahu ɗaya suka daina gaisawa.

Kowannensu yana da ɓangaren gaskiya. Abin da suka rasa shi ne awo.

Lissafin kuwa ba mai wuya ba ne. Ana ninka tsawon rami da faɗinsa da zurfinsa. Ramin da jimillar tsawonsa mita 60 ne, faɗinsa santimita 60, zurfinsa mita 1, ya ba da kubik mita 36. Sai dai ƙasa tana kumbura idan an haƙo ta, galibi da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, don haka 36 ɗin za ta koma wajen 45 a tsibi. A nan magini yana da hujja. Amma ba duka ake fitarwa ba, domin ƙasa mai kyau tana komawa cikon gefen harsashi da ƙarƙashin daɓe. In rabi ya koma, motar da ke ɗaukar kubik mita 6 sawu huɗu kawai za ta yi. A nan hujja tana hannun mai gida.

Saboda haka muke ba iyalai shawara. A rubuta farashin kubik mita ɗaya na ƙasa mai laushi, da na marmara, da na dutse, kowanne daban, tun ba a saka diga ba. A auna rami tare, gaban shaidu biyu, a ɗauki hoto, kafin a zuba kankare. A ajiye wanda zai ƙirga sawun mota, direba yana sa hannu a littafi. A faɗi inda za a kai ƙasar, da wanda zai ci kuɗinta idan an sayar wa masu ciko. Idan an gamu da dutse ko ruwa, a dakata a sake ciniki kafin a ci gaba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a addininmu. Malaman Malikiyya sun sharɗanta cewa a ijara dole aiki da lada su zama sanannu, kuma aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace tsawo, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Rubutu ba zargi ba ne. Kariya ce ga zumunci.

Mai gida ya ji tsoron Allah kada ya danne gumin wanda ya fasa dutse. Magini ya ji tsoron Allah kada ya ƙirga sawun da mota ba ta yi ba. Allah Ya sa albarka a gidajenmu. Sai fitowa ta gaba.