Gafarar Da Ta Zo Ran Jana'iza

Jama'a, zancenmu na wannan mako ya nufi Amurka, kan wasan kwaikwayon nan Fences, wato Shinge, na marigayi August Wilson, wanda ya ci lambar yabo ta Pulitzer a 1987.

Tauraron wasan, Troy Maxson, baƙar fata ne mai kwasar shara a birnin Pittsburgh a 1957. Ya sha ɗaurin shekara 15 saboda kisan kai, wariyar launin fata kuma ta hana shi cin gajiyar gwanintarsa ta ƙwallo. Da guminsa yake ciyar da iyali, amma ya haifi 'ya a waje, ya kuma kori ɗansa Cory daga gida.

To, mutumin kirki ne ko azzalumi? Wilson bai wanke shi ba, bai kuma jefar da shi ba. Ran jana'izarsa Cory ya ce ba za shi ba. Matarsa Rose, wadda ya ci amanarta, wadda kuma ta reni 'yar, ita ta lallashi yaron har ya sauko. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Troy bai fanshi kansa ba. Waɗanda ya ɓata wa su suka yafe masa. Sai mako mai zuwa.