Intanet Ma Yana Bukatar Mudun Gaskiya

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa shiga shagon intanet a Garwa a farkon shekarun 2000 domin aika wasiƙa ga abokin cinikinsa na Dubai ko Kwatano, ba zai manta da zaman jiran da ya sha ba. Da safe shafi yakan buɗe ba laifi, amma da an idar da sallar Magariba shago ya cika, sai komai ya tsaya cik, alhali kuɗin awa na tafiya. Da yawa sun ɗora laifin a kan tsufan kwamfutocin. Gaskiyar magana ita ce, layi ɗaya mai shagon ya saya, galibi ta tauraron ɗan'adam, ya raba wa injuna goma ko ashirin, shi ma kuma wanda ya sayar masa ya riga ya raba layin nan ga wasu shagunan.

Wannan cuta ba a Kamaru ta fara ba. A Amurka, sa'ad da aka soma kai intanet gidaje ta wayar talabijin a ƙarshen shekarun 1990, an yi ta tallar cewa ya ninka layin tarho mai kilobit 56 sau da yawa. Haka ne, sai dai ɗaruruwan gidaje ne ke ɗiba daga waya guda, saboda haka da maƙwabta sun dawo daga aiki sai gudun ya faɗi. A Ingila kuwa, a shekarar 2000 kamfanin BT ya bayyana cewa layinsa na gida mai kilobit 512 ana iya raba shi ga mutum 50, na ofis kuma ga 20. In duk mutum 50 suka hau lokaci guda, kilobit 10 ne rabon kowa. Amma aƙalla an gaya wa mai saye.

Babu shakka an ci gaba. Wayar ƙarƙashin teku ta SAT-3 da ta sauka a Duwala ta fara aiki a 2002, tsarin 3G ya shigo ƙasar nan a 2014, sannan a 2018 wayar SAIL ta haɗa Kribi da Fortaleza a Burazil. Sai dai rabon bai kau ba, ya koma kan eriya ne kawai. Ranar kasuwar Pitowa ko ta shanu a Adumri, wayoyin dukan jama'a kan eriyar da ke kusa suke rataya. Abin da ke maƙalewa yanzu kuɗi ne: an sallama sa, mai saye ya ce ya tura, saƙo bai shigo ba, ga direba yana ta matsa oda.

A kasuwar hatsi, wanda aka kama da mudun da aka ƙwanƙwasa wa gindi, sarkin kasuwa ba ya ƙyale shi. Ba mu ga dalilin da mai sayar da intanet zai auna wa kansa ba. Muna kira ga hukumar ART, wadda aka kafa a 1998 domin sa ido kan harkar sadarwa, da ta tilasta wa kamfanoni su rubuta gudu mafi ƙaranci da mai saye zai samu a lokacin cunkoso, ta kuma riƙa turo ma'aikatanta su auna a kasuwannin kan iyaka irin su Mbaibum, a ranar da suke ci.

Ku kuma 'yan kasuwa, kafin ku sa hannu ku duba takardar: in an rubuta partagé layin tarayya ne, in dédié ne naku ne ku kaɗai, shi ya sa ya fi tsada. Ku tambayi mutum nawa ke kan layin, ku kuma nemi a gwada muku shi bayan Magariba kafin ku biya kuɗin wata.