Tawadar Allah: Wadda Ake Ƙyalewa da Wadda Ake Kai wa Likita

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma wannan mako. Wani manomi daga ƙasar Safana ya nuna mini baƙin tabo a tafin ƙafarsa, ya ce tawadar Allah ce, wanzami zai kankare masa. Na hana shi, ga dalilina.

Likitoci sun kasa tawadar Allah kashi-kashi. Akwai wadda aka saba gani, ƙarama, kewayayya, launinta ɗaya. Wannan ba ruwan likita da ita. Akwai kuma wadda ta fita dabam da 'yan'uwanta. A 1985 waɗansu likitocin Amurka suka tsara alamunta: rabinta bai dace da ɗaya rabin ba, gefenta ba sumul ba, launinta ya gauraya, faɗinta ya wuce milimita 6. A 2004 aka ƙara ta biyar, watau canja kama, wadda a ganina ta fi sauran nauyi. In an yanko ta an duba da madubin likita, sai a ce ɓacin nata kaɗan ne, ko matsakaici, ko mai tsanani. Mai tsananin akan cire ta dukka, domin tana maƙwabtaka da ciwon dajin fata.

To, jama'a, mu baƙar fata wannan ciwo a tafin ƙafa ya fi fito mana, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, inda manomi zai ce ƙaya ce ko kaushi. Wanzami kuwa in ya kankare, ya zubar da naman da likita zai auna. Saboda haka na ce wa mutumin ya tafi asibitin Batsari, in sun ga da dalili su tura shi Katsina.

Haza wasalam.