Nas Ba Baiwar Likita Ba Ce

Ran nan a ɗakin cin abinci na ji wani ɗalibi ɗan'uwanmu yana cika baki, wai aikin nas wankin gyambo ne kurum, ba zai bar ƙanwarsa ta yi shi ba. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai.

To malam, ko ka taɓa jin labarin Alene Duerk? A 1943 ta shiga rundunar sojan ruwan Amurka tana nas. A 1945 tana cikin jirgin asibiti mai suna Benevolence a gaɓar Japan, tana jinyar fursunonin yaƙin da aka sako, duk sun rame sai ƙashi. A 1970 ta shugabanci nas-nas na rundunar baki ɗaya, a 1972 kuma ta zama mace ta farko da ta kai muƙamin Admiral a rundunar.

Amma fa tun 1908 aka kafa sashen nas ɗin, sai bayan shekara 64 aka ga dama. Ashe raini irin naka tsoho ne.

Ranar da ciwo ya kayar da kai, wa zai kwana a kanka? Ka bar yarinya ta yi karatunta. In kuwa kana ja, ga fili ga mai doki.